Alhassan Ɗantata, falken goro da ya raya unguwar Sarari a birnin Kano

A da, ayarin fatake daga Kano sukan biyo ta Jega, su ƙetare kogin Isa wajen Illo da Gaya, su ratsa Djougou har Salaga neman goro. Cikin wannan fatauci aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, a gidan Agalawa. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta koma Accra, a ƙasar Ghana ta yanzu.

Da ya kama kasuwancin kansa, sai ya kauce wa hanyar jakuna mai cin watanni, ya riƙa loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Dabara ce mai riba, amma irinta ce ta rage wa zangunan Dandi baƙi.

Jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, Ɗantata ya zama babban mai sayo wa kamfanin Niger Company. Sarari, gefen Koki a cikin tsohon birni, fili ne kawai lokacin da ya gina gidansa a wurin. 'Yan uwa da yaran gidansa suka biyo shi, wurin ya cika ya zama unguwar attajirai. A 1929 ya kai kuɗin azurfa, kayan raƙuma 20, ajiya a sabon bankin Turawa na Kano.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Aliko Dangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.