Malam Aminu Kano: Jagoran Talakawa Da Matsalar Kuɗin Siyasa

Ran 17 ga watan Afrilu, 1983, Allah ya yi wa Malam Aminu Kano rasuwa a birnin Kano, yana da shekara 62 da haihuwa, saura 'yan watanni a yi zaɓen da zai sake neman shugabancin ƙasa. Marigayin ya shafe shekara talatin da uku yana siyasa, ya riƙe muƙamin kwamishina a Gwamnatin Tarayya, kuma jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a jihohi biyu, amma bai bar wata dukiyar a zo a gani ba. Wannan kowa ya san shi. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne, siyasa ba ta yiwuwa sai da mota da mai, da kuɗin ajiya na 'yan takara, da na biyan tara in an ɗaure magoya baya. To, jam'iyyar da ta ce ita ta talakawa ce, daga aljihun wa ta sami waɗannan, kuma me ta bayar a madadinsu?

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Malam Aminu a cikin watan Agusta na 1920 a unguwar Sudawa ta birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne masanin shari'a daga zuriyar Fulani Gyanawa, waɗanda aka sani da alƙalanci. Bayan karatun allo ya shiga makarantar Shahuci da Midil ta Kano, sa'an nan Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1942. Ya fara koyarwa a Bauchi, a can ne kuma ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka riƙa zaman tattauna al'amuran ƙasa, abin da bai yi wa hukumar En'e daɗi ba.

A 1946 aka tura shi Landan ƙaro ilmin koyarwa. A Ingila ya yi cuɗanya da 'yan jam'iyyar Leba masu ra'ayin gurguzu, ya ga yadda ƙungiyoyin ma'aikata ke ɗaukar nauyin jam'iyya da ɗan abin da kowane mamba ke bayarwa. Ya kuma shaƙu da tarihin Mahatma Gandhi na Indiya. A tarihin Gandhi kuwa akwai darasi, domin duk da talaucin da ya zaɓar wa kansa, manyan attajirai irin su Ghanshyam Das Birla ne suka daɗe suna ɗaukar ɗawainiyar ayyukansa, har ma a gidan Birla da ke Delhi aka harbe shi a 1948.

Da ya komo gida ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, daga baya aka mai da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato. Ran 8 ga watan Agusta, 1950, waɗansu samari takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Kafin shekarar ta ƙare Malam Aminu ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa, ya rungumi siyasa, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar.

Ƙasar Auduga

Wanda yake son fahimtar matsalar kuɗin NEPU, sai ya dubi kudancin Lardin Katsina. Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Kauran Namoda ta ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, garin ya zama cibiyar cinikin auduga. Kamfanin Turawa na BCGA ya kafa injunan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, baƙi kuma suka yi ta kwararowa, direbobi da leburori da teloli da mahauta da 'yan koli. Irin waɗannan mutane, waɗanda abincinsu bai rataya a wuyan hakimi ba, su ne ƙashin bayan NEPU a ko'ina cikin Arewa. A Funtuwa ne matasa irin su Wada Nas suka taso suka yi suna a jam'iyyar.

Kuɗi na shiga ƙasar sosai a lokacin kaka, amma ƙofar shigarsu a hannun hukuma take. Daga 1949 Hukumar Ciniki ce ke yanke farashin auduga, a 1954 kuma aka mai da wannan iko hannun Gwamnatin Jihar Arewa, wadda jam'iyyar NPC ke riƙe da ita. Attajiri ba ya sayen auduga ko gyaɗa a madadin hukumar sai da lasin. Rancen gwamnati da kwangilar En'e da filin gini, duk ta hanya ɗaya suke bi. Saboda haka babban ɗan kasuwa, ko da zuciyarsa na tare da Sawaba, ya san ranar da aka ga tutar tauraro a ƙofar gidansa, ranar ce arzikinsa zai fara tangal-tangal. Yawancin manyan attajiran Arewa sai suka bi NPC, mai taimakon NEPU daga cikinsu kuwa sai dai a asirce.

Abin da ya rage wa jam'iyyar shi ne kwabon talaka: kuɗin katin shiga, da karo-karo a wurin lacca, da direban da zai ɗauki 'yan jam'iyya kyauta, da telan da zai ɗinka tuta, da maigidan da zai sauki baƙi. Wannan gudummawa ba ta zo da wani sharaɗi ba, amma ba ta isa ba. Kotunan alƙalai na ɗaure 'yan NEPU bisa laifin yin taro ba izni ko zagin sarakuna, ba a kuma yarda lauya ya tsaya a waɗannan kotuna ba. Mata irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri sau da dama. Kowane ɗauri na nufin tara, da ɗaukaka ƙara, da iyalin da za a ciyar.

Ƙawance Da NCNC

A nan ne ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe ya shigo, wanda aka ƙulla a 1954. NCNC na da abin da NEPU ba ta da shi. Tana da Gwamnatin Jihar Gabas, da bankin African Continental wanda Azikiwe ya kafa, da attajirai irin su Sir Louis Ojukwu, da jerin jaridu. Ɗaya daga cikinsu, watau Daily Comet da ake bugawa a Kano, ita ce ta zama muryar NEPU. Masana tarihin siyasa, irin su Richard Sklar wanda ya wallafa littafinsa kan jam'iyyun Nijeriya a 1963, sun nuna yadda NEPU ta dogara ga tallafin NCNC wajen tafiyar da harkokinta, musamman a lokacin zaɓe.

Ba NEPU kaɗai ke cikin wannan hali ba. Kwamitin Foster-Sutton na 1956 ya binciki yadda aka zuba kuɗin Gwamnatin Gabas a bankin Azikiwe. Kwamitin Coker na 1962 kuma ya gano cewa miliyoyin fam na Hukumar Ciniki ta Jihar Yamma sun bi ta wani kamfani sun isa asusun jam'iyyar Action Group, wadda ta yi yaƙin zaɓen 1959 a Arewa har da jirage masu saukar ungulu. Ke nan guminsu manoman koko da na kwakwa, kamar na manoman auduga, shi ne ke juya siyasar zamanin.

Ranar biyan bashi ta zo bayan zaɓen 1959. NEPU ta sami ƙuri'u sama da rabin miliyan da kujeru 8 a Majalisar Wakilai, Malam Aminu da kansa ya ci kujerar Kano ta Gabas. Sai NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC a Legas. Aka wayi gari Malam Aminu yana mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, yana zaune gefe ɗaya da jam'iyyar da magoya bayansa ke shan ɗauri a hannunta a ƙauyukan Katsina da Kano da Zazzau. Shi dai ya ci gaba da sukar mulkin En'e, ya kuma yi amfani da majalisa wajen kai kukan talakawa, amma 'yan adawa sun sami abin faɗa, waɗansu magoya baya kuma gwiwarsu ta yi sanyi. A zaɓen 1964 ya rasa kujerarsa, a 1966 kuma sojoji suka rushe jam'iyyu duka.

Zamanin PRP

A gwamnatin Janar Yakubu Gowon, Malam Aminu ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967, daga baya kuma ta lafiya. Wannan dama ce ta tara dukiya, a lokacin da kuɗin man fetur suka fara ambaliya, amma ya fito kamar yadda ya shiga. Da aka buɗe fagen siyasa a 1978, ya fara zama da waɗanda suka kafa NPN, jam'iyyar da manyan 'yan kasuwa da 'yan kwangila suka yi wa rumfa, sa'an nan ya janye ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. Dokokin wannan zamani sun hana jam'iyyu riƙe kuɗi daga ƙasashen waje, sun kuma tanadi tallafin gwamnati ta hannun hukumar zaɓe ta FEDECO. Ita wannan hukuma ta so hana shi takara a 1979 kan batun takardun haraji, sai da kotu ta wanke shi.

A zaɓen ya zo na huɗu da ƙuri'u kimanin miliyan 1.7, PRP ta sami sanatoci 7 da wakilai 49, ta kuma ci gwamnan Kano da Muhammadu Abubakar Rimi, da na Kaduna da Abdulƙadir Balarabe Musa. Funtuwa da Malumfashi a lokacin suna cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta yi shekaru tana fafutika a kai. Manomin auduga da makiyayi sun ga amfanin kwabon da iyayensu suka bayar. Jam'iyyar ta kuma jawo 'ya'yan manyan gidaje masu ilmin zamani, kamar Dokta Yusufu Bala Usman na Musawa, wanda ya zama sakataren gwamnatin Kaduna, da Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda daga baya ya shugabanci wata babbar gona a Funtuwa kafin ya zama gwamna da shugaban ƙasa.

Sai dai nasarar ta zo da sabuwar jarrabawa. A da jam'iyya ce ke nema wa 'yan takara abin tafiya, yanzu kuwa baitulmali da ikon ba da muƙami da kwangila suna hannun gwamnoni. Da gwamnonin biyu suka shiga taron gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba tare da na UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi. A 1980 PRP ta dare biyu, 'yan Santsi na bayan gwamnoni da Michael Imoudu, 'yan Taɓo na bayan Malam Aminu. Kowane ɓangare na zargin ɗaya da sayar da aƙida, waɗannan ga UPN, waɗancan ga NPN. A watan Yuni na 1981 majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Malam Aminu ya rasu bai ga ɗinkewar wannan ɓaraka ba.

Abin Da Ya Bari

Tarihin marigayin ya nuna cewa tsarkin hannun shugaba abu ne guda, tsayuwar jam'iyya da ƙafafunta kuma wani abu ne dabam. Ya kare kansa daga kwaɗayi har ƙarshen ransa, amma bai sami hanyar da kwabon talaka zai wadatar da tafiyar ba, kuma duk lokacin da babban taimako ya zo, ya zo da igiya a jikinsa. Matsalar ba ta tsufa ba. A Amurka, attajirai masu ra'ayin sauyi sun kafa ƙungiyar Democracy Alliance a 2005 domin haɗa kuɗi su raba wa ƙungiyoyin fafutika, ana kuma ta muhawara a kan ko wane ne ke tsara alƙiblar waɗannan ƙungiyoyi. A Nijeriya, dokar zaɓe ta 2022 ta amince ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe har naira biliyan 5. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke mafarkin siyasar talakawa, ya kamata ya fara tambayar kansa wa zai biya kuɗin motar.

Gidan Malam Aminu na Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kabarinsa kuma yana cikin harabar gidan. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunansa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.