Gudina Tumsa: Faston Habasha da aka buɗe wa ƙofar tsira ya ƙi fita

A watan Yunin 1979, bayan sojojin da ke mulkin Habasha sun sako Gudina Tumsa daga tsare karo na biyu, abokansa na ƙetare sun shirya masa hanyar fita zuwa Tanzaniya. Shugaba Julius Nyerere da kansa ya sa baki aka sake shi, kuma ya yarda ya ba shi mafaka. Gudina ya ƙi tafiya. Ya ga bai kamata ya bar fastocin da ya sha gargaɗa da su tsaya tare da jama'arsu ba. Ba a cika wata biyu ba aka kashe shi.

An haife shi a 1929 a Boji, yankin Wollega da ke yammacin Habasha, cikin ƙabilar Oromo. Iyayensa manoma ne. Ya yi karatu a makarantar mishan, ya koyi aikin jinya a asibitin Nekemte, daga baya jama'ar garin suka nemi ya zama fastonsu, aka naɗa shi a 1958. Shekara guda bayan haka ikilisiyoyin bishara da mishanonin Siwidin, Jamus, Norway da Amurka suka dasa suka haɗu ƙarƙashin suna ɗaya, Mekane Yesus. A 1963 cocin ya shiga Tarayyar Majami'un Lutheran ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Lund na Siwidin a 1947, mai hedikwata a Janeba. A shekarar ce Gudina ya tafi karatun tauhidi a jihar Minnesota ta Amurka, ya dawo a 1966 aka ba shi muƙamin babban sakataren cocin.

Shiga tarayyar ya zo da kuɗi, kuma hannun da ke bayarwa shi ke sama. Ƙungiyoyin agaji na Turai, waɗanda wani ɓangare na kuɗinsu daga gwamnatoci yake fitowa, suna sakin hannu idan batun asibiti ne ko makaranta ko aikin gona, amma sai su noƙe idan aka zo ga horar da fastoci ko gina ɗakin ibada. Nan kuwa jama'a na tururuwa cikin cocin fiye da yadda ake samun masu koyar da su. A 1972 Mekane Yesus ya aika wa tarayyar wata wasiƙa kan dangantakar wa'azin bishara da ci-gaban ɗan Adam, kuma Gudina na cikin manyan waɗanda suka tsara ta. Hujjarsu ita ce mutum ɗaya ne, ba a raba cikinsa da ruhinsa, kuma wanda ke zaune cikin jama'a ya fi mai ba da tallafi sanin abin da suke bukata. Duk wanda ya taɓa zama a teburin tattaunawa da masu ba da tallafi ya san wuyar faɗin irin wannan magana ga wanda ke riƙe da jakar kuɗi. Gudina ya ɗauki zama mamba da ma'anarsa ta gaskiya: wanda ke cikin gida yana da bakin magana. An yi shekaru ana muhawara a kan wasiƙar a Janeba da makarantun tauhidi.

A 1974 sojoji suka kifar da Sarki Haile Selassie, majalisarsu da ake kira Derg ta karɓi mulki. Gudina bai yi kukan tsohon tsari ba. Ya san yadda masu gonaki suka tatse manoman kudu da yamma, kuma cocinsa ya goyi bayan gyaran mallakar ƙasa. Inda suka rabu da sojojin shi ne lokacin da gurguzu ya zama aƙidar da ake so kowa ya rusuna mata. Mengistu Haile Mariam ya ƙwace ragama gaba ɗaya a 1977, aka shiga zamanin kashe-kashe a titunan Addis Ababa. A watan Maris na shekarar gwamnati ta karɓe gidan rediyon bishara na tarayyar, wanda tun 1963 yake watsa shirye-shirye daga Addis Ababa, har da na Hausa da ake haɗawa a sutudiyon Muryar Bishara a Jos.

Abin da ya fi damun gwamnati game da Gudina shi ne ana jin maganarsa a waje, kuma a gida ya jagoranci wata majalisar haɗin gwiwar majami'u da aka kafa a 1976. Ga mulkin da ba ya son wani taro sai nasa, wannan kaɗai laifi ne. Ƙaninsa Baro Tumsa kuma yana cikin jagororin gwagwarmayar Oromo, abin da ya ƙara jawo masa zargi. Hukuma ta so ya ara mata sunansa, ya shaida wa Turai cewa addini na cikin walwala a Habasha. Ya ƙi. Aka kama shi a watan Oktoban 1978, aka sake shi bayan makonni, aka kuma kama shi a farkon Yunin 1979.

A nan zumuncin tarayyar ya yi aikinsa. Shugabanta a lokacin shi ne Bishop Josiah Kibira na Tanzaniya, ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar, wanda aka zaɓa a Darussalam a 1977. Shi da Christian Krause, wani jami'in coci Bajamushe, suka kai maganar gaban Nyerere. Iyakar abin da za su iya ke nan: su fito da shi daga kurkuku, su nuna masa hanya.

Ranar 28 ga Yulin 1979, da yamma, yana fitowa daga ibada a unguwar Urael tare da matarsa Tsehay Tolessa, wasu mutane cikin farin kaya suka tare su. Aka saki matar, aka tafi da shi, aka shaƙe shi a daren. Gwamnati ba ta amsa cewa yana hannunta ba. Daga baya aka kama Tsehay, aka azabtar da ita, ta yi kusan shekara goma a kurkuku ba tare da shari'a ba. Sai bayan faɗuwar Derg a 1991 aka gano inda aka binne shi, aka yi masa jana'iza a watan Yunin 1992, shekara 13 bayan mutuwarsa.

Krause ya zama shugaban tarayyar a 1997. Kujerar ta sake dawowa Afirka a 2017, lokacin da aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na cocin Lutheran mai hedikwata a Numan, jihar Adamawa. Mekane Yesus kuwa, wanda Derg ta rufe masa ɗakunan ibada da dama, yau shi ne mafi yawan mabiya cikin majami'un tarayyar baki ɗaya.