Rabaran Sitibin Hels, Limamin Da Ya Fara Auna Ƙarfin Jini

Da yawa daga cikin iyayenmu da ke miƙa hannu a asibiti ko a harabar majami'a don a duba musu hawan jini ba su san cewa wani bawan Allah, limamin ikilisiya, shi ne ya fara wannan awo ba. Sunansa Sitibin Hels. An haife shi a gundumar Kent ta ƙasar Ingila a 1677, ya yi karatun addini a Jami'ar Kembirij, sannan a 1709 aka ba shi riƙon ikilisiyar wani ƙauye mai suna Tedintin, kusa da Landan. A nan ya zauna har ƙarshen ransa. Ya yi aure a 1720, matar ta rasu shekarar da ta biyo baya, bai kuwa ƙara aure ba.

Bayan wa'azi da ziyarar marasa lafiya, Hels ya duƙufa ga binciken halittun Ubangiji. A wani gwaji ya sa an ɗaure goɗiya a kwance, ya buɗe babbar jijiyar jini a cinyarta, ya zura bututun tagulla da ya haɗa da wani na gilashi mai tsawon ƙafa 9, a tsaye. Jinin ya hau har ƙafa 8 da inci 3, yana ɗan tashi yana sauka daidai da bugun zuciya. Tsayin da jinin ya kai shi ne ma'aunin ƙarfin da zuciya ke tura shi da shi. Ya wallafa sakamakon a 1733, inda ya kuma nuna cewa matsewar ƙananan jijiyoyi tana rage gudun jini.

Ba za mu ɓoye ba, aikin ba kyan gani. Babu maganin kashe zafi a lokacin, har maƙwabcinsa, marubucin waƙe Alekzanda Pop, ya nuna ƙyamar abin da ake yi wa dabbobin. A ganinmu yana da hujja. Sai a 1896 likitan Italiya Riba-Rochi ya fito da ɗamarar da ake naɗawa a damtse a hura mata iska, a 1905 kuma Korotkof na Rasha ya ƙara da sauraron bugun jijiyar, awo ba tare da tsaga ba ya zama mai sauƙi.

Hels bai tsaya nan ba. Ya yaƙi shan barasa mai ƙarfi da ke hallaka talakawan Landan, ya kuma ƙera na'urar shigar da iska cikin jiragen ruwa da gidajen yari, har aka kafa ta a kurkukun Niyuget a 1752. Ya rasu ran 4 ga Janairu 1761, aka binne shi ƙarƙashin hasumiyar majami'arsa, wadda shi da kansa ya sa aka gina.