Christian Doppler: Ɗan masassaƙin dutse da ya koya wa duniya auna gudu da haske

An haifi Christian Andreas Doppler ranar 29 ga Nuwamba, 1803, a birnin Salzburg na ƙasar Ostiriya. Gidansu gidan masassaƙa dutse ne, amma raunin jiki ya hana shi gadon sana'ar, don haka aka tura shi Biyana karatun lissafi. Da ya kammala, gurbin koyarwa ya yi masa wuyar samu, har ya fara shirin ƙaura zuwa Amurka, kafin aiki ya fito masa a birnin Firag a 1835.

A can ne, ranar 25 ga Mayu, 1842, ya gabatar da maƙalarsa kan launin taurari. Ya bayyana cewa idan abin da ke fitar da sauti ko haske yana kusantowa, igiyoyinsa sukan matse, idan kuwa yana nisanta, sai su miƙe. Wannan ne dalilin da ya sa kukan jiniya ke sauyawa da zarar motar ta wuce mutum.

A 1845 masanin ƙasar Holan, Buys Ballot, ya ɗora masu busa ƙaho a jirgin ƙasa kusa da Utrecht, ya kuma tabbatar da ƙa'idar a kan sauti. Fassarar Doppler game da launin taurari kuwa ba ta tsaya ba, domin gudunsu bai kai ya sauya launin da ido ke gani ba.

A 1850 aka naɗa shi shugaban cibiyar kimiyyar fiziks ta Jami'ar Biyana, inda Gregor Mendel ya yi karatu a hannunsa. A 1852 masanin lissafi Josef Petzval ya yi wa ƙa'idar kakkausar suka, a daidai lokacin da ciwon huhu ya ci ƙarfin mai ita. Doppler ya tafi Benis neman lafiya, ya rasu a can ranar 17 ga Maris, 1853, yana da shekara 49, ya bar mata da 'ya'ya biyar.

A yau ƙa'idar tasa ta kai inda bai taɓa zato ba. Idan hasken leza mai tsananin ƙarfi ya daki daskararren abu, yakan fizge elektiron daga ƙwayoyin zarra, fuskar abin ta zama filasma mai zafi, wadda ke motsi cikin kashi ɗaya bisa tiriliyan na daƙiƙa. Masana, ciki har da na cibiyar Tata da ke Mumbai, sukan aika haske na biyu mai rauni ya daki filasmar ya dawo kamar daga madubi. Karkatarsa zuwa shuɗi na nufin tana bunƙasowa waje, zuwa ja kuwa tana nutsawa ciki, kuma girman karkatar shi ke bayyana gudunta. Masu neman samar da makamashi irin na rana ta hanyar leza suna buƙatar wannan awo kafin su iya sarrafa filasmar.