Malam Aminu Kano: Ɗalibin da ya fara kare talaka tun yana aji

An fi tuna Malam Aminu Kano da NEPU da PRP, amma aƙidarsa ta girmi jam'iyyun nan biyu. A makaranta ta tsiro.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, a gidan malamai na zuriyar Gyanawa. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali, don haka yaron ya tashi yana ganin yadda ake shari'a, yana kuma jin kukan waɗanda ba su da uwa a gindin murhu. Yana Makarantar Midil ta Kano ya jagoranci 'yan uwansa ɗalibai suka yi bore kan rashin sabulu da ƙarancin abinci. Abin kamar ƙarami ne, amma a zamanin da ɗan makaranta ba ya ɗaga ido ya dubi hukuma, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

A 1937 ya samu gurbi a kwalejin nan da ta taso daga Katsina zuwa Kaduna, wadda yau ake kira Barewa. An kafa ta ne domin ta yaye malaman makaranta da ma'aikatan En'e masu ladabi da biyayya. Aminu ya kwashi karatun, ya bar musu biyayyar. Makaminsa a lokacin wasan kwaikwayo ne. Cikin wasanninsa akwai Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?, inda ya fito da yadda 'yan birni ke damfarar baƙauye. Duk ɗan kasuwar da ya san halin wasu dillalai zai gane cewa wasan bai tsufa ba. Ya kuma rubuta ƙasida da Turanci yana sukar mulkin danniya na En'en Kano, alhali a ƙarƙashinta mahaifinsa ke aiki.

Da ya kammala a 1942 sai ya kama koyarwa a Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur. Zauren muhawarar da suka raya a garin bai yi tsawon rai ba, domin da zance ya taɓo mulkin sarakuna sai hukuma ta rufe shi. A 1946 ya sake zama ɗalibi a Landan, can kuma ya fara haɗa kan malaman makarantun Arewa cikin ƙungiya guda. A 1950, yana koyarwa a Maru, ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa ya shiga NEPU.

Manoman Funtua da Malumfashi da Mahuta sun ga amfanin wannan gwagwarmaya bayan kusan shekara 30. A 1979 yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, PRP ta ci kujerar gwamna, kuma gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali, kamar yadda ta Abubakar Rimi ta yi a Kano.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Duk da ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, a ɗan gidansa na Gwammaja ya ƙare rayuwarsa, gidan da yanzu ake kira Mambayya, ƙarƙashin kulawar Jami'ar Bayero.