Rob Roy: Mutumin Da Aka Haramta Wa Sunan Kakanninsa

An haifi Robert MacGregor a cikin shekarar 1671 a Glengyle, kusa da tafkin Katrine, a tsaunukan ƙasar Sikotlan. Saboda jan gashinsa ne aka yi masa laƙabi da Roy, watau ja da harshen mutanen tsaunukan. A harshen nan kuma Mac na nufin ɗa. Saboda haka ma'anar MacGregor ita ce ɗan Gregor, kakan da zuriyar take jingina asalinta gare shi.

Tun kafin a haife shi sunan nan ya zame wa masu shi ƙaya. Dangin Campbell sun mamaye yawancin ƙasarsu ta gado, har da yawa daga cikinsu suka koma kwasar shanun maƙwabta. A 1603 suka kara da dangin Colquhoun a Glen Fruin, suka yi musu mummunar ɓarna. Sarki James na Shida ya husata, ya soke sunan MacGregor ɗungum, aka kuma yanke hukuncin kisa a kan duk wanda ya ƙi sake suna. A 1604 aka rataye shugabansu a birnin Edinbura.

An janye dokar a 1661, amma aka maido da ita a 1693, shekarar da Rob ya yi aure. Ala tilas ya ɗauki sunan dangin mahaifiyarsa, watau Campbell, sunan mutanen da suka ci ƙasar kakanninsa.

Da farko fataucin shanu yake yi, ya kuwa yi suna wajen riƙon amana. Shi ya sa manyan mutane, har da basaraken Montrose, suka ba shi jari. A 1712 babban yaronsa ya gudu da fam 1,000. Da ya kasa biya, aka shelanta shi ɗan tawaye, aka ƙwace ƙasarsa, aka kori iyalinsa daga gida. Daga nan ya shiga duwatsu, ya yi shekaru yana kwashe shanun Montrose da kuɗin hayar gonakinsa. Talakawa suna yaba shi, hukuma kuwa ɓarawo ta ɗauke shi. An kama shi ba sau ɗaya ba, yana kuɓucewa. A 1725 ya miƙa wuya, daga bisani aka yi masa afuwa.

Ya rasu a gidansa ran 28 ga Disamba, 1734, aka binne shi a Balquhidder. Littafin da Walter Scott ya buga a kansa a 1817 ne ya yaɗa labarinsa a duniya. Dokar kuwa ba a soke ta ba sai a 1774, bayan shekara 40 da rasuwarsa. Sai a sa'an nan ne jikokinsa suka sami ikon amsa sunan gidansu a gaban hukuma.