Malama Grace Hopper Da Ƙaramin Rumbunta

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye kusa da Kagoro, allon ajina ƙarami ne ƙwarai. Kafin yara su gama kwafe lissafi, tilas in share in rubuta wani. To, 'yan'uwana ɗalibai, wannan ne ya tuna mini da wata malama ta ƙasar Amurka wadda ta sha fama da ƙarancin wuri, sai dai nata allon a cikin kwamfuta yake.

An haifi Grace Hopper a birnin New York ran 9 ga Disamba, 1906. Ta koyar da lissafi a kwalejin mata ta Vassar, ta kuma sami babban digiri a jami'ar Yale a 1934. Ana cikin yaƙin duniya na biyu, a 1943, ta ajiye alli ta shiga sojan ruwa.

A 1949 ta koma wurin masu ƙera kwamfutar nan UNIVAC. Injin ya cika ɗaki, amma rumbun da yake riƙe abin da yake aiki a kai kalma 1,000 kaɗai yake ci, kowace kalma harafi 12, cikin bututai masu zaiba. Watau bai fi 'yan shafuka na littafin rubutun ɗan makaranta ba. Da umurni da lissafi duk a nan za su kwana. A 1952 ta shirya wani abu mai kama da tafinta, wanda yake tattara umurnin mutum ya mai da shi abin da inji ke ganewa. Mutane da yawa ba su gaskata ba, don a ganinsu inji lissafi kaɗai ya iya.

Daga aikinta harshen COBOL ya samo tushe a 1959. Masu tsara dokokinsa suka yanka wa kome iyaka. Lamba ɗaya ba ta wuce gurbi 18. Masu aiki da shi kuwa, don tsimin wuri, sai su rubuta 65 maimakon 1965. Da shekarar 2000 ta gabato, gyaran wannan tsimi ya ci kuɗi mai yawan gaske. Ni dai ban ga laifinsu ba, gama na san wahalar ƙaramin allo.

A 1967 sojan ruwa suka sake kiranta, ta shirya jarrabawar da ake yi wa kowane tafinta na COBOL, a ga ko ya bi doka. Duk da haka halin malanta bai bar ta ba. Takan raba wa masu sauraronta guntun waya mai tsawon kusan ƙafa ɗaya, watau iyakar tafiyar haske cikin kashi ɗaya na biliyan na daƙiƙa.

Ta yi ritaya a 1986 tana da shekara 79. Ta rasu ran 1 ga Janairu, 1992, aka binne ta a makabartar soja ta Arlington.